Gadon Bishiya ko Bukkar Ƙasa? Tambayoyi da Amsoshi kan Dakon Barewa a Amurka

Duk shekara, da zarar ganye ya fara ja a nan jihar Wisconsin, tambayoyin nan sai su dawo. Wasu su tare ni a harabar masallaci bayan Juma'a, wasu su kira da daddare. Yawanci 'yan'uwanmu ne da karatu ko aiki ya kawo, sun ga maƙwabta na cika firiza da naman barewa, su ma ransu ya biya. Sun yi karatun lasisi, sun sayi bindiga ko baka, sai su tsaya a kanti gaban kaya iri biyu su rasa na ɗauka. Na tattara tambayoyin yadda aka yi mini su, na amsa da abin da na gani a daji. Dokokin da zan ambata na Wisconsin ne. Kowace jiha da nata littafin, kuma ana sabunta shi duk shekara, don haka a nemi na bana a karanta.

Kawu, mene ne ma wannan gado da bukka da kuke ta magana a kai?

Farautar barewa a wannan yanki akasarinta dako ce. Babu karnuka, babu gora, babu kiɗa irin na farautar rani a gida, doka ma ta hana bin barewa da kare. Barewar nan mai farar wutsiya tana da turbarta tsakanin makwancinta da wurin kiwo. Aikin maharbi ya gano turbar, ya zauna kusa da ita, ya jira. Gardamar kawai ita ce a ina zai zauna.

Abin da nake kira gado ɗan dandamali ne na ƙarfe da kujera, ana ɗaure shi a jikin bishiya, yawanci ƙafa 15 zuwa 20 daga ƙasa, wato mita biyar zuwa shida. Akwai mai tsani, wanda ake jingina wa bishiya a bar shi nan. Akwai na ratayawa, da ake hawa masa da gajerun sandunan takawa. Akwai mai hawa da kansa, kashi biyu, kana ɗaga na sama da hannu, kana jawo na ƙasa da ƙafa, kamar mai hawan giginya. Sai na baya-bayan nan da samari suke yayi, wani irin lilo da ake zama a ciki ana reto a jikin bishiyar.

Bukka kuwa ɗan tanti ne mai launin daji da tagogi, ana buɗe shi kamar lema. Wasu suna gina ta katako a gonarsu. Wasu kuma ba sa sayen komai, sai su sami bishiyar da ta faɗi, su tara rassa, su kifa bokiti su zauna. Ita ma bukka ce, kuma an ci barewa da ita ba adadi.

To wanne ya fi?

Wurin da za ka yi farauta shi ke zaɓa maka, sai iska, sai lafiyar jikinka. Amma tun da ka tambaye ni: in shekararka ta farko ce, fara daga ƙasa. Koyi sawu, koyi iska, koyi zama shiru na awa uku. Mutumin da ya iya waɗannan zai ci barewa ko a bayan kututture yake, wanda bai iya ba kuwa ko ƙafa talatin ya hau, farar wutsiya kawai zai gani tana nisa. Idan daga baya ka sami wurin da dole sai an hau, ka hau da igiya.

In haka ne, me ya sa kusan kowa a nan bishiya yake hawa?

Domin yana da amfani na gaske, ba zan ɓoye ba. A kurmi mai ƙananan itatuwa da ciyawa, mai zaman ƙasa ba ya ganin abin da ya wuce taku ashirin. Na sama yana hango barewa tun daga nesa, ya miƙe a hankali, ya gyara tsayuwa kafin ta iso. Yana kuma sama da inda take yawan kallo. Idanunta a gefen kai suke, tana ganin kusan kewaye da ita ba tare da ta juya ba, kuma motsi kaɗan a daidai tsayinta ba ya kuɓuce mata. A sama kana da ɗan sararin ɗaga baka.

Akwai kuma maganar harsashi. Wanda ya harba daga sama, harsashinsa ƙasa ya nufa, ko ya samu ko ya kuskure zai nutse a turɓaya. A lokacin farautar bindiga ta kwana tara, wadda ke farawa ranar Asabar kafin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, mutum sama da rabin miliyan ke shiga dajin jihar nan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba. Na sha zama a sama ina kallon barewa huɗu, biyar, suna wucewa can inda kibiya ba ta kaiwa, ni kuma ina ɗaure a bishiya ba halin matsawa. Kuma kada wani ya ce maka barewa ba ta kallon sama. A dajin da ake yawan farauta, tsohuwar uwa takan zo tana bin bishiyoyi da ido ɗaya bayan ɗaya, musamman bayan ganye ya zube, mutum ya fito fili kamar tulu a kan rassa.

An ce in ka hau sama warinka wucewa yake ta saman barewa. Gaskiya ne?

Rabin gaskiya ne, kuma rabin nan ya sa mutane da yawa sun koma gida hannu rabbana. Idan iska na kaɗawa sosai kuma ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, warinka zai yi ɗan nisa kafin ya sauko, barewar da ke gindin bishiyarka ba za ta ji ba. Amma zai sauko ɗin, kuma wadda ke can bayanka ita za ta tona maka asiri.

A ƙasa mai tudu da kwari abin ya fi haka rikitarwa. Da safe, idan rana ta fara ɗumama ƙasa, iska tashi take yi, ta hau tudu. Da yamma, in ƙasa ta huce, iska mai sanyi ta yi nauyi, sai ta gangara kwari kamar ruwa, ta kwashi warinka ta tafi da shi. Wata yamma ina zaune a gado a gefen wani tudu, iska tana bugun fuskata yadda nake so. Rana na faɗuwa sai iskar ta tsaya cak. Ba a yi minti goma ba na ji huci daga ƙasan kwarin, wata uwa ce ta buga ƙafar gaba a ƙasa sau biyu, ta sake huci, ta ɗaga wutsiya, duk garken ya bi ta. Ba ta gan ni ba, ko kusa da ni ba ta zo ba. Warina ne ya gangara ya same ta.

Bukka tana riƙe ɗan wari idan ka rufe tagogin da ba ka buƙata, amma ita ma ba ta hana shi fita. Dokar ɗaya ce a sama da ƙasa: iska ta taso daga wajen barewa ta nufo ka. Ina yawo da 'yar kwalbar gari mai laushi, in matsa in ga inda ya nufa. Tokar murhu da aka tankaɗe ma tana yin wannan aikin. Ranar da iska ta juya wa wurin da na shirya, ba na zama a can ko da shi ne mafi kyau, domin barewar da ta ji warinka sau ɗaya a turba takan sauya lokacin wucewarta zuwa dare. Bi ta hanyar da za ka shiga wurin ma da lissafi, kada ka tsallaka turbarta da takalminka.

Malam, maigidana ya sayo gadon nan, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Haɗarin da ake faɗa gaskiya ne?

Hajiya, hankalinki ya gaya miki gaskiya. Mutane suna jin tsoron bindiga, amma faɗowa daga bishiya ita ta fi kai maharba asibiti a wannan yanki. Likitocin Jami'ar Jihar Ohio sun fitar da wani bincike a 2010 kan maharban da aka kawo da munanan raunuka cikin shekara goma: rabinsu faɗowa suka yi, kusan dukkansu daga gadon bishiya, harbin bindiga kuwa bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Wanda ya faɗo daga ƙafa 20 yana isa ƙasa cikin daƙiƙa ɗaya da ɗoriya, da gudun kusan kilomita 40 a awa. Abin da ke karyewa shi ne ƙashin baya, ƙugu, ƙafafu, wani lokaci wuya. Kuma yana can shi kaɗai cikin sanyi.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, yawancin faɗuwar ba a zaune take faruwa ba. Wajen hawa ne, da sauka, da lokacin da mutum ke ɗaga ƙafa daga mataki na ƙarshe zuwa kan gadon. Da yawa suna sa ɗamarar tsaro, amma sai sun kai sama suke ɗaure ta, wato sun tsallake wuri mafi haɗari ba komai a jikinsu.

Ga abin da za ki roƙe shi. Ya sa ɗamara mai kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, kada ya yarda da tsohuwar nan mai zagaye ciki kawai. Ya rataya igiyar tsira tun daga saman gadon har ƙasa, mai ƙullin nan da ake kira Prusik, wanda ke zamewa in ka tura shi da hannu amma ya cije in nauyi ya faɗa masa. Ya maƙala ɗamararsa a ƙullin tun ƙafarsa na ƙasa, kada ya cire sai ta dawo ƙasa. Kada ya hau da komai a hannu. Bindiga a cire mata harsashi, a ɗaure ta da wata igiya bakinta na kallon ƙasa, in ya zauna ya jawo ta kamar guga. Wajen hawa, ko da yaushe hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya, su kasance a riƙe. Ya gaya miki ainihin inda bishiyar take da lokacin da zai dawo, wayarsa kuma ta zauna a aljihun ƙirji, kada ta kasance a jakar da ya rataya a reshe.

Ni kaina igiyar nan ta taɓa riƙe ni. Asubar wata ranar Nuwamba ce, raɓa ta daskare a kan ƙarfen mataki, ban gani ba cikin duhu. Na ɗora ƙafar dama a mataki na ƙarshe, ta zame. Ban san lokacin da hannuna ya saki ba. Abin da na ji shi ne fizga a kafaɗuna da bugun gwiwata a jikin bishiya, ina reto taku ɗaya ƙasa da gadon. Na laluba na mayar da ƙafa, na sauko, na zauna a gindin bishiyar har gari ya waye jikina na rawa. Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

In mutum ya faɗo igiya ta riƙe shi, shi ke nan ya tsira?

Da sauran aiki. Rataya na tsawon lokaci ba motsi yana tara jini a ƙafafu, mutum ya iya suma. Shi ya sa ake ɗaure igiyar a saman kai, ba tare da sako-sako da yawa ba, yadda in ka zame ba za ka yi nisa da gadon ba, ka iya komawa. Ɗamara mai kyau tana zuwa da wani ɗan madauri da ake saukewa a taka da ƙafa a miƙe a kai. Ajiye shi inda hannunka zai kai. Ka yi ta motsa ƙafafu, ka kira taimako tun da wuri. Gwada duk wannan a bayan gida, ƙafa uku daga ƙasa, da wani a tsaye kusa da kai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wace irin bishiya ake hawa?

Rayayya, miƙaƙƙiya, mai kauri. Ɗaga kai ka duba samanta, in akwai busassun rassa ko ɓawo na zubewa, wuce. A kula da bishiyar da ake kira ash: wani ƙwaro mai launin kore da aka fara ganowa a Michigan a 2002, ya iso Wisconsin a 2008, ya kashe su da yawan gaske, kuma matacciyarta karyewa take ba sanarwa. Gado mai hawa da kansa ba ya son ɓawo mai santsi ko mai ƙanƙara, kuma dole gangar ta zama ba reshe. Na ratayawa shi ke shiga bishiya mai rassa, wadda ita ce ta fi ɓoye mutum. Nemi wadda ke da wata bishiyar ko ganye a bayanta don kada siffarka ta fito a kan sararin sama.

Madaurin da ya kwana a daji shekara guda, rana da ƙanƙara da haƙoran kurege sun ci shi, ga bishiyar tana ƙara kauri tana ja. Sauya shi ko da a ido yana da kyau.

Bukka ai ƙatuwa ce. Barewa ba za ta gan ta ba?

Za ta gan ta sarai. Barewa ta san dajinta kamar yadda ka san ɗakinka, in an ajiye sabuwar kujera za ka lura. Maganin shi ne lokaci da sutura. Kafa ta mako biyu ko uku kafin a buɗe farauta, in ƙasar ta mai gona ce ya ba ka izini. Tura ta cikin duhuwar itace ko gefen masarar da ba a girbe ba, ka jera rassa a jikinta da samanta har kusurwoyinta su ɓace. Share busasshen ganyen da ke ciki ka bar turɓaya, domin ƙafarka za ta motsa.

Sirrin bukka duhun cikinta ne. Rufe tagogin baya gaba ɗaya, in ba haka ba haske ya ratsa, kanka ya fito kamar hoto. Buɗe na gaba kaɗan, zauna can baya nesa da taga. A lokacin farautar baka, baƙaƙen kaya sun fi na launin daji amfani a ciki, har fuska da hannu. A lokacin bindiga kuwa riga mai launin ruwan lemo ko ruwan hoda mai haske dole ce ko kana cikin bukka.

Abin da bukka ke bayarwa wanda gado ba ya bayarwa shi ne kusanci. Wata safiya wata uwa da 'yarta suka zo har taku bakwai daga tagata. Ina ganin tururin numfashinta, ina jin ƙarar 'ya'yan bishiyar oak tana tauna su kamar gyaɗa. Ta ɗago ta zuba wa tagar ido, kunnuwa a miƙe, ta sunkuyar da kai kamar za ta ci gaba da ci, sai ta ɗago farat ɗaya don ta kama ni ina motsi. Sau uku tana yin haka. Ban ko ƙifta ido da ƙarfi ba. Da ta gamsu sai ta kaɗa wutsiya ta wuce. Wanda ya zauna irin wannan zaman sau biyu ya koyi halin barewa fiye da wanda ya shekara yana kallon bayanta daga sama.

Talotalon daji, da ake farauta da bazara, shi bai damu da bukka ba ko a tsakiyar fili ka kafa ta yau. Wanda ya sayi bukka ya sayi kayan farauta biyu.

Ni da baka zan fita. Akwai bambanci wajen harbi?

Akwai, kuma a nan ne tausayin dabba ya shigo. Ana so kibiya ta ratsa huhu biyu, barewa ta faɗi cikin daƙiƙu. Daga ƙasa, in ta ba ka gefe, hanyar a miƙe take. Daga sama, iya tsayin da ka hau da iya kusancinta da gindin bishiya, iya ƙanƙancewar wurin da za ka samu, ƙashin baya ya rufe rabi, sau da yawa huhu ɗaya ake samu. Barewa mai huhu ɗaya tana iya yin tafiya mai nisa ta mutu inda ba za a gan ta ba. Wannan asara ce da alhaki. Shi ya sa ba na goyon bayan masu hawa ƙafa 30, kuma ba na harbin wadda ke daidai ƙarƙashina. Amfanin sama shi ne in kibiya ta fita ta ƙasan ƙirji, jini na zuba sosai, bin sawu ya yi sauƙi.

Masu harbi daga sama kibiyarsu ta cika hawa. Yawanci saboda sun sauke hannun baka ne kawai, maimakon su ja tsirkiya a miƙe sannan su karya daga ƙugu. Nisan da za ka yi saiti da shi kuwa daga gindin bishiya ake auna shi zuwa dabba.

A cikin bukka, gwada jan baka kana zaune tun a gida, ka tabbata kan bakan ba ya dukan rufi. Mai bindiga da mai baka mai kunama su tuna madubin saiti yana sama da bakin makami: kana iya ganin barewa tsaf a madubi alhali bakin bindigar na kallon yadin taga.

A ƙasa ba na cikin haɗarin harsashin wasu?

Wannan shi ne babban aibin bukka a lokacin bindiga, domin ta ɓoye ka ga mutane kamar yadda ta ɓoye ka ga barewa. A filayen da hukumar albarkatun ƙasa ta jihar ke kula da su, doka ta ce bukka ta ɗauki ƙyalle ruwan lemo mai haske, ko ruwan hoda mai haske da aka halatta a 2016, mai faɗin inci 144 murabba'i, wato ƙafa ɗaya tsawo ƙafa ɗaya faɗi, wanda za a gani ta kowane ɓangare. Ni ko a gonar mutum nake ina ɗora shi. Kada ka ji tsoron zai kori barewa, idonta ba ya rarrabe wannan launin yadda namu ke yi. Shuɗi ne take gani da kyau, don haka bar wandon jins a gida. Kai ma kafin ka taɓa kunama, san abin da ke bayan dabbar: gida, hanya, shanu, ko kan tudun da ba ka ga bayansa ba.

Sanyi fa?

Bukka ta yi nasara a nan, babu gardama. Ƙarshen Nuwamba a kan gado, iska na shiga ta ko'ina, ƙarfen na zuƙe ɗumin ƙafarka, bayan awa biyu yatsu su ƙi lanƙwasuwa. Mutum mai rawar ɗari ba ya zama shiru, ba ya harbi daidai, kuma saukowarsa haɗari ce. In za ka kunna 'yar hitar gas a bukka, bar taga a buɗe. Hayaƙinta marar wari yana sa barci, barcin da wasu ba su farka ba.

Yaya kake yi da salla?

Tambaya mai kyau, kuma ba za ka same ta a littafin hukuma ba. An yarda a fara harbi minti 30 kafin fitowar rana, a daina minti 20 bayan faɗuwarta. Ana so ka zauna tun kafin gari ya yi haske, don haka Asuba nake yi a gefen mota da zarar alfijir ya keto, da alwalata tun daga gida, sannan in shiga. A ƙarshen Nuwamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu da rabi, Azahar da La'asar suna kusa da juna. Mai zaman yamma zai iya yin Azahar kafin ya shiga, amma La'asar za ta same shi a wurin dako. A bukka mai faɗi sai in ture kujera, in shimfiɗa darduma, in yi sallata ba abin da ya gan ni. A gado dole ka sauko ka sake hawa, hawa biyu sauka biyu. Kada ka kuskura ka kwance ɗamara a sama don ka sami damar ruku'u. Ranar da zan wuni a daji, wannan kaɗai ya isa ya sa in zaɓi bukka.

Maganar yanka fa? Wanne ya fi sauƙi?

Abin da muka koya shi ne ka yi bismilla lokacin sakin kibiya ko harsashi, in ka tarar da ita da rai ka yanka, kamar yadda ya zo a hadisin Adiyyu ɗan Hatim. Sauran rassan mas'alar a zauna da malami. Ta fuskar aiki, na ƙasa ya fi saurin isa gare ta. Na sama kuwa, lokacin da ya fi haɗari a duk ranarsa shi ne bayan harbi, zuciya na bugawa, gwiwoyi sun yi sanyi, yana ɗokin sauka. Zauna, cire harsashi, sauke makami da igiya, sannan ka sauko a maƙale. Ka zo wa barewar ta bayanta, domin kofatonta da ƙahonta suna yanka.

Ina so in tafi da ɗana mai shekara goma sha biyu. Baba ma ya zo ziyara yana sha'awar gani.

Bukka, ba tare da dogon tunani ba. Yaro zai motsa, zai ci biskit, zai yi tambaya, bango ya rufa masa asiri. Kana kusa da shi kafaɗa da kafaɗa, kana ganin inda bakin bindiga ke kallo. Baba kuma a sa masa kujera mai jingina da bargo a gwiwa. Haka duk mai ciwon gwiwa, mai hawan jini da jiri ke ɗiba, mai shan maganin da ke sa barci, ko mai jiki sosai. Kowane gado da iyakar nauyin da aka rubuta masa, kuma lissafin har da kaya da takalma.

Ba ni da gona, filin gwamnati zan shiga. Me zan ɗauka?

Abin da za ka iya goyawa ka shiga da shi ka fito da shi. An hana ƙusa da matakin da ake murɗawa cikin bishiya, an hana sare rassa yadda ka ga dama. A filayen hukuma da ke kudu da babbar hanya mai lamba 64 ba a barin gado ko bukka su kwana, a arewa da ita ne aka yi sassauci da sharuɗɗa. Wannan ya rage wa bukkar tanti daraja, tun da ba ta da lokacin da barewa za ta saba da ita. A irin wannan wuri na fi son kujera mara nauyi da faɗaɗɗiyar bishiya ko tushen da iska ta tumɓuke. Ka jingina da abin da ya fi kafaɗunka faɗi, ka sami 'yan rassa a gabanka. Masu gado mai sauƙi da lilo suna cin riba a nan, amma ɗaura gado cikin duhu aikin wanda ya ƙware ne.

Wannan dabara za ta yi aiki a gida?

Ai dako ba baƙo ba ne a wurinmu. Maharban da sun san zaman mashaya da rani, sun san hawa reshen tsamiya su jira, kuma wanda ya ɗaura kan burtu a goshi yana rarrafe yana sassaƙar ƙasa, ɓuya yake yi a fili, dabarar da ta fi tanti wayo. Jamusawa ma suna da dogayen rumfunansu na katako a bakin gona, Indiyawa suna da nasu gadon da suke kira machan. Sai dai kayan nan an ƙera su ne don miƙaƙƙun bishiyoyin nan. Kuka da ɗorawa da ƙirya ba za su karɓi mai hawa da kansa ba, ga zuma da maciji a kogo. Namun dajin ma sun yi ƙaranci, inda suka rage kamar Yankari an hana farauta. Mai son ɗaukar hoton tsuntsaye a fadamun Hadejia da Nguru, shi bukka za ta yi wa rana.

Kai da wanne za ka fita bana?

Da duka biyun, kowanne da ranarsa. Wani dattijo manomi ya ba ni izinin gonarsa, ina kai masa cinya ɗaya duk shekara. A bakin masararsa na kafa bukka tun farkon Satumba, tagarta na kallon yamma, don ranakun da iska ke tasowa daga can, da ranakun da zan je da yara. Can cikin kurmin kuma akwai wani ƙunci tsakanin rafi da tudu inda turba uku suka haɗu, ciyawar ta kai ƙirji, daga ƙasa ba a ganin komai. Nan na jingina gado mai tsani, ƙafa 16, igiyar tsira na rataye har ƙasa. Ba na zuwa wurin sai makon farko da na biyu na Nuwamba, lokacin da mazan barewa ke bin mata da rana tsaka, kuma sai da safe, in iska ta taso daga arewa.